Wasiƙa daga Damagaram: batun motar da za ka aiko

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da aiki. Yaya zaman Amurka? Mu nan bazara ta kankama, da hantsi ya yi ƙofar mota ba ta taɓuwa da hannu. Ran Juma'a bayan masallaci na biya gida na gaida Hajiya. Ƙafar ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta, ta kuma ce in gaya maka ka rage yi mata waya da tsakar dare.

Saƙonka ya iso tare da hotunan motocin nan uku, Highlander da Corolla da Prius, duka ƙirar 2010. Maganar akwai lissafi a cikinta, saƙon murya ba zai ɗauke ta ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Na lura daga muryarka Highlander ɗin ce ta kwanta maka a rai, kuma na san dalili: kana so in ƙanenka ya faka ta a ƙofar gida unguwa ta san ɗan gidan nan yana waje. Ba laifi ba ne. Amma ka tambaye ni wacce za ta fi sauƙin mai, to bari in faɗa maka abin da na sani.

Lambobi biyun nan da ka karanto mini daga takardun motocin, ɗaya ta cikin gari ɗaya ta babbar hanya, da awon can aka rubuta su, wato mil nawa galan ɗaya zai kai. Mu nan lita nawa mota ke sha a kilomita 100 muke dubawa. Hanyar juyawa mai sauƙi ce: ka raba 235 da lambar da ke jikin takardar. Corolla mai inji 1.8 an rubuta mata 26 da 34, ke nan lita 9 a gari, kusan lita 7 a hanya. Highlander mai V6 (babban inji mai silinda shida), wadda ƙafafunta huɗu ke ja, 17 da 23, ke nan kusan lita 14 a gari, lita 10 da ɗan ɗoriya a hanya. Prius kuwa 51 da 48, wato lita 4.6 a gari, 4.9 a hanya. Ka duba ta ƙarshen da kyau, ita a gari ta fi sauƙin sha. Zan dawo kanta.

Kowane direba ya san mota ta fi shan mai a gari, dalilin ne ba kowa ya tsaya ya duba ba. Man da ka ƙona ka tayar da mota daga tsaye har ta ɗauki gudu, da zarar ka taka birki ya tafi a banza, ya zama zafi a jikin birkin. Sai ka sake ƙona wani ka sake tayar da ita. Iya nauyin mota, iya man da kowace tayarwa za ta ci. Highlander ta kusa tan 2, Corolla ba ta wuce kilo 1,300 ba. Sannan ga tsayuwa da inji a kunne, mai na tafiya, kilomita ba ta ƙaruwa. Babban inji kamar ingarman doki yake, ko yana turke sai an zuba masa harawa.

To amma garin da masu awon can suke nufi ba Damagaram ba ne. A gwajin da hukumar Amurka ke yi na cikin gari, matsakaicin gudun mota ya kai kusan kilomita 34 a awa, a kan shimfiɗa mai santsi. Kai ka tuna bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis. Amalanken shanu a gabanka ɗauke da kara, ƴan kabu-kabu suna kutsowa ta dama da hagu, mai adaidaita ya tsaya a tsakiyar kwalta yana neman canji, wata akuya ta kwanta a inuwar tayarka. Daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, ka koma ta ɗaya, ƙafarka ta hagu har ta yi tsami. Kana barin kwalta ka shiga lungun unguwa kuma sai rairayi, taya na nutsewa, inji na kuka, motar na rarrafe. Ƙara da na'urar sanyi, wadda a watan Afrilu da Mayu ba mai iya kashe ta in akwai tsohuwa a mota, ga shi a tafiyar hawainiya rabonta a cikin man da ake ƙonawa ya fi yawa. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: zirga-zirgarmu gajeru ce. Daga Birni zuwa Zango, daga gida zuwa lakwal ɗin yara, kafin inji ya gama ɗaukar zafin da yake aiki daidai an iso an kashe. Inji mai sanyi ya fi zuƙar mai. Don haka lambar gari da ke jikin takarda ka ɗauke ta a matsayin mafi ƙarancin abin da motar za ta sha a nan. Tsohuwar Corolla tawa mai giyar hannu, a cikin gari lita 10 zuwa 11 take ci, in na hau hanyar Maradi kuma ta sauko wajen 7.

A hanya labarin ya sauya. Can ba nauyi ne babban abokin gaba ba, iska ce. Tokarewar da iska ke yi wa mota tana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: in ka tashi daga kilomita 80 a awa ka koma 120, gudu ya ƙaru da rabi, amma tokarewar iska ta ninka sau biyu da ɗoriya. Shi ya sa mafi yawan motoci tsakanin 70 zuwa 90 suka fi sauƙin sha, a giya ta sama, ƙafa ba ta motsi. Gwajin babbar hanya na can ma matsakaicin gudunsa bai kai 80 ba, kuma ba tsayawa ko sau ɗaya. Ƙanenka kuwa, Allah ya shirye shi, in ya wuce Takeita ya ga kwalta ta miƙe, ban ga mai hana shi kaiwa 130 ba. A irin wannan gudun lambar takarda ba ta da sauran ma'ana, musamman ga mota mai tsawo da faɗin ƙirji irin Highlander.

Hanyar tamu ma ba ta barin mota ta huta a gudu ɗaya. Kowane gari ka shiga, Tasawa ne ko Gazawa ko Agye, ga tudun rage gudu a kan kwalta, ga shingen jami'an tsaro, ga wurin biyan kuɗin hanya, ga ranar kasuwa da ta cinye rabin titi. Ga kaya a saman mota. Ka san mutanenmu, ba a zuwa Yamai hannu sake: buhun gero, jarkar man gyaɗa, akwatin amarya, tabarmi, duk a ɗaure a sama da igiya. Kayan da ke sama a cikin gari nauyinsu kawai mota ke ji, a hanya kuwa su ne ke tare iska. In but zai ɗauka, gara a danna su a but.

Yanzu Prius. Abin da ya sa ta juya lissafin shi ne tana da inji biyu, na fetur da na lantarki. In ka taka birki, maimakon ƙarfin gudun ya lalace, injin lantarkin yana mai da wani kasonsa caji ya zuba a batir. In ka tsaya, injin fetur ya mutu da kansa. In za ka tashi a hankali, lantarki ne ke tura ta. Duk wuraren da sauran motoci ke asara a gari, ita nan take tsintar riba. A doguwar hanya kuwa ba birki ba tsayuwa, injin fetur ne ke aiki kusan koyaushe, sai fifikonta ya ragu, ko da yake har a can ɗin ta fi sauran biyun sauƙi.

Bari mu sa kuɗi a kai. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499, mu ce dala ɗari, wato sefa 500, don lissafi ya yi sauƙi. A ce motar za ta yi kilomita 600 a wata a cikin gari, kai yara, cefane, kai Hajiya likita, biki da ta'aziyya. Bisa lambar takarda, Corolla lita 54, jika 27, wato sefa dubu 27. Highlander lita 83, jika 41 da rabi. Prius lita 28, jika 14. Tazarar da ke tsakanin Highlander da Corolla kaɗai ta haura jika 170 a shekara, kuma ka san wa za a yi wa waya a ƙarshen wata. In tafiyar Yamai ce, kilomita wajen 900, Corolla lita 62, Highlander 92, Prius 44. Tankin Corolla lita 50 yake ɗauka, sai an ƙara mata a Ƙonni ko Dogon Dutse. Ka ga Prius a gari rabin man Corolla take sha, a hanya kuwa abin da ta rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sau nawa gidanku ke zuwa Yamai a shekara? Motar nan a gari za ta ƙare rayuwarta, don haka lambar gari ce taka.

Da lissafin mai kaɗai ake sayen mota da na ce maka Prius in rufe takarda. Abin da ke sa ni ja da baya batirinta ne. Babban batir ne mai ƙarfin fiye da volt 200, yana bayan kujerar baya, kuma wata ƴar fanka ce ke jawo iskar cikin mota tana sanyaya shi. Zafi yana rage masa kwana, ƙura tana toshe fankar. Mu kuwa me muke da shi in ba zafi da ƙura ba? In ka ga abin da ke fita daga matatar iskar motata lokacin hunturu, sa'ad da yaron gareji ya buga ta a jikin taya, jan gari ya tashi ya rufe masa fuska har gira, za ka gane abin da nake nufi. Batirin motar 2010 ya riga ya kwana biyu. Ranar da ya gaza, ribar man da aka tara ta shekara da shekaru za ta iya tafiya a sayen wani, kuma ba kowane bakanike ne zai yarda ya sa hannu a wayoyin nan masu ruwan lemo ba. Corolla kuwa ko a Tanut ta tsaya, za a samu mai kwance ta ya ɗaura, kayan gyaranta kuma ba a nemansu da nisa.

Highlander abu ɗaya take da shi da ba zan ƙwace mata ba: tsawo daga ƙasa. Corolla da Prius dukansu gajeru ne, in damina ta yanke lungu ko za a shiga ƙauye ta cikin rairayi, cikinsu na shafar ƙasa. In har zuwa gona da ƙauye zai yi yawa, to wannan wata magana ce, kuma a nan ma ni Hilux mai gazuwal zan ambata maka, don injin gazuwal ya fi na fetur tattali wajen jan kaya da tafiya a hankali. Amma gonarku tana bakin hanyar Mirya, ba ta buƙatar wannan duka.

Wani abin kuma, kada ka ce ai matatar mai na bayan gari, mai ba zai yi wuya ba. Gaskiya ne SORAZ tana nan a hanyar Tanut tun ƙarshen 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Amma shekaru da yawa man Najeriya ne da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe a bakin titi ya rufa wa mutane asiri. Da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023, man kwalba ya daina araha, kowa ya koma gidan mai, nauyi ya faɗo wa matatar. Ka ji labarin layukan da aka sha a watan Maris na 2025. A irin wannan rana, in mai gidan mai ya ce lita goma-goma zai ba kowa, mai Corolla ya samu na kwanaki, mai V6 kuwa jibi yana layi.

Don haka ni dai Corolla na zaɓa maka. Kafin ka biya ka sa a duba na'urar sanyinta da kyau, ka kuma haɗo da matatar iska kamar guda huɗu a cikin but, ba su da nauyi. In ta iso zan zaunar da ƙanenka in nuna masa yadda ake auna shan mota, don allurar tanki ba abin dogaro ba ce. A cika tanki har famfo ya katse da kansa, a rubuta kilomitar da ke allo, a yi ta harka. In an dawo shan mai a sake cikawa har ya katse, a raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi, a ninka da 100. Za mu yi na gari daban, na hanyar Maradi daban. Zan kuma sa masa ido kan iskar taya, da ɗabi'ar nan tasu ta barin mota a kunne a ƙofar gida ana hira wai don ciki ya yi sanyi.

Ka sanar da ni ta tashar da za ta sauka. Da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome, hanyar ta yi tsawo, kuɗin ɗauko ta ma sai ka sa shi cikin lissafi tun yanzu.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ya riƙa yi mini Hausa in mun yi waya. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, suna tambaya ko da babbar salla za a gan ka. Allah ya bar zumunci, ya sa mu gana da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Birni