Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan ɗaga hannu cikin sujada

Wusasa, Zariya

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Babanka da ƙannenka duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Maganar da ka yi mini ta waya tana nan a raina. Ka ce a zumuntar ɗaliban da ka shiga kowa hannu sama yake yabo, har ka fara ganin sujadarmu ta gida ta yi sanyi.

Ɗaga hannu dai ka ɗaga, kada ka ji kunyar kowa. Zabura 134 ta ce wa bayin Ubangiji masu hidima da dare a Haikali su ɗaga hannuwansu su yabe shi. Sulemanu ma hannu ya miƙa sama a gaban bagade ranar keɓe Haikali. Da Ezra ya yabi Ubangiji, jama'a suka amsa da amin, amin, hannuwa a sama. Duba Nehemiya 8:6. Kai ɗan Zazzau ne, ka sha ganin mahaya sun zo a sukwane ranar hawan sallah, sun ja linzami a gaban Sarki, sun ɗaga hannu sun yi jinjina. In sarkin duniya ya cancanci wannan, ina ga Sarkin sarakuna?

Amma kalmar nan "sanyi" ta sosa mini rai. Cocin St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, kakarka ta tsufa tana durƙusawa a cikinsa. Ban taɓa ganin hannunta ya wuce ƙirjinta a sujada ba. Takan haɗa tafukanta ta sunkuyar da kai, leɓunanta suna motsi, in an tashi ka ga gefen mayafinta ya jiƙe da hawaye. Matar nan ba ta yi boko ba, a ajin Zumuntar Mata ta koyi haɗa baƙi, don kawai ta karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Ita za ka ce wa mai sanyi? A Luka 18, mai karɓar harajin nan ko ido bai iya ɗagawa sama ba, ƙirji yake bugawa yana roƙon jinƙai, kuma shi ne Yesu ya ce ya koma gida baratacce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ayar da ka karanto mini, 1 Timoti 2:8, ka tsaya a rabi. Manzo Bulus ya ce a ɗaga hannuwa tsarkaka, ya kuma ƙara da cewa ba da fushi ko gardama ba. Tun Kirsimeti kai da yayanka ba kwa ga maciji, a kan kuɗin gyaran babur. Ya kira ka ba ka ɗauka ba, a gabana aka yi. Da na tambaye shi, sai ya kifa wayar a kan tabarma ya ce, "Mama, a bar maganar." Ta bakin annabi Ishaya Allah ya gaya wa mutanensa cewa in sun miƙa hannuwa zai kau da idonsa, saboda abin da hannuwan suka aikata. Ka karanta sura ta fari da kanka. Yesu kuma ya ce in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna.

Don haka ina roƙonka, kafin Lahadi mai zuwa ka kira yayanka. Kai ne ƙarami, kai za ka fara gaisuwa, ko da kana ganin gaskiyar taka ce. Kuɗin kuwa ku bar wa babanku, ya ce zai zauna da ku biyun in ka zo hutu.

Na ba direban da ya saba kai maka saƙo yaji da ƙuli-ƙuli, zai iso ran Juma'a. Ka gai da abokan ɗakinka. Ubangiji ya kiyaye ka.

Ni ce mahaifiyarka.