Godiya ga shagon da ya sayar mini da bod ɗin FPGA a Beirut Road

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce ga Alhaji mai wani shagon kayan kwamfuta da na lantarki a Beirut Road da ke Kano, musamman ma yaronsa da ke zama a teburin ciki. Ban sa sunayensu ba don ban nemi izininsu ba, amma in sun gani za su gane kansu.

Ni ɗalibi ne a ɓangaren injiniyan lantarki, tun zangon da ya wuce nake son in fara koyon FPGA da hannuna. Ga wanda bai sani ba, FPGA wani cip ne da kamfani bai gama ɗaure cikinsa ba, kai ne za ka rubuta yadda ƙofofin lojik ɗinsa za su haɗu da yaren Verilog ko VHDL, ka tura masa, sai ya zama da'irar da ka tsara. Arduino, wato ƙaramin bod ɗin da ake rubuta wa firogiram, umarni yake bi ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa wannan duk sassansa tare suke aiki a lokaci guda. To wannan bambancin shi na yi ta bayani a shaguna har bakina ya gaji.

Wallahi kusan sati biyu ina yawo a gari, kuɗin adaidaita kaɗai da na kashe daga Kabuga ya isa abin magana. Wani shagon na ce FPGA nake nema sai aka miƙo mini Arduino Uno wai ai duk ɗaya ne, na ce ba ɗaya ba ne, mutumin ya ce to shekararsa nawa a kasuwa da zan koya masa. Wani wurin kuma aka fito mini da wani tsohon bod mai cip ɗin Cyclone II, ba kwali ba takarda ba USB Blaster ɗin da ake tura masa aiki da shi, aka sa masa kuɗi mai tsada, da na tambayi wace manhaja zan yi amfani da ita sai aka ce oga in za ka saya ka saya in ba za ka saya ba ka ba mu wuri. Daga baya na gano cewa shi wannan cip ɗin rabonsa da shiga manhajarsa ta Quartus tun fitowa ta 13.0 ta shekarar 2013, da na saya da sai na yi ta neman tsohuwar manhaja. Na ukun cewa ya yi in biya kuɗin gaba ɗaya zai yi oda, kuma ba rasit.

Da na shiga shagon Alhaji ban ma sa rai ba. Na ce ina neman Basys 3, don shi nake gani a bidiyoyin koyo. Yaron bai ce akwai ko babu ba, ya ce malam zauna tukuna, wace laftof gare ka, RAM ɗinta nawa, wuri nawa ya rage a ciki, kuma da wace data kake sauke abu. Na faɗa masa gaskiya, tsohuwa ce mai RAM giga 4 kuma da datar waya nake komai. Sai ya ce Basys 3 bod ne mai kyau ƙwarai, cip ɗinsa Artix-7 ne, yana da makunnai 16 da fitilu 16 da allon lamba mai gurbi huɗu, ɗan koyo ba ya buƙatar ƙara komai. Amma dole sai da manhajar Vivado, ita kuma Vivado giga gommai take ci, laftof ɗina za ta sha wahala ni ma zan sha wahala. Ya ce in na nace zai yi mini oda, kuma a can ne ma ribarsu ta fi, amma shi in da ƙaninsa ne ba zai bar shi ya fara da shi a kan wannan kwamfutar ba.

Abin da ya ɗauko mini shi ne Tang Nano 9K na kamfanin Sipeed, ɗan ƙarami mai cip ɗin Gowin, LUT (ƙananan sassan da ake gina lojik da su) 8,640 gare shi, da wurin HDMI, kuma abin tura aikin a jikinsa yake, kebul ɗin USB-C kawai za ka sa. Manhajarsa akwai ta ɗalibai kyauta kuma ba ta da nauyi, in ka ga dama ma ka yi da wasu manhajojin kyauta, Yosys da nextpnr. Abin da ya fi burge ni bai ɓoye aibinsa ba. Ya ce fitilu shida ne kawai da maɓalli biyu, don haka sai na haɗa da biredbod (allon da ake soka wayoyi don gwada da'ira) da makunnai da rasisto, kuma darussansa a intanet ba su kai na Xilinx, masu cip ɗin Basys 3, yawa ba, sannan ya ja kunnena sau biyu kar in kuskura in sa wa ƙafafunsa bolt 5 irin na Arduino, ƙonewa zai yi. Har cewa ya yi in ba ni da kuɗin a ranar in je in sa manhajojin Icarus Verilog da GTKWave in fara gwada rubutuna a kwamfuta, bod ba zai gudu ba. Ni dai na saya, aka ba ni rasit.

Da daddare na jona, kwamfuta ta ƙi ganinsa. Gabana ya faɗi, don mun san yadda ake yi, kaya in ya bar shago shi kenan kai ka lalata. Washegari na koma ina ta shirya abin da zan ce. Yaron yana ganina ya ce kawo mu gani, ya karɓi kebul ɗin da na zo da shi ya ce wannan na caji ne kawai, babu wayoyin data a ciki. Ya ɗauko wani ya jona a laftof ɗina nan take ta gan shi. Ga kwastomomi suna jira amma ya tsaya har na tura aikina na farko, mai ƙirga bugun agogon bod ɗin, wanda ke bugawa sau miliyan 27 a daƙiƙa, in ya kai 13,500,000 fitila ta canza. Da na ga fitilun suna yin akasin abin da na rubuta ya ce ai na wannan bod ɗin da sifili suke kunnuwa. Alhaji na gefe yana ji, da na ciro kuɗin kebul ya ce bar shi ɗana, ka dai yi karatu.

Gaskiya abin da ke damuna a kasuwanninmu shi ne an mayar da tambaya kamar raini. Ɗalibi ya tara kuɗinsa da ƙyar, wani ma daga kuɗin abinci ya rage, ya zo yana tambaya don kar ya yi asara, sai a ga kamar ɓata lokaci yake. Kuma ba wai sai mai shago ya san komai ba, ka ce ban sani ba mana, ya fi ka ɗora wa yaro abin da ba zai yi masa amfani ba. Yara nawa ne suka bar koyon irin wannan saboda an sayar musu da abin da ya ƙi aiki kuma aka ƙi saurarensu?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a kasuwa. Kai kuma ɗan'uwa Allah ya ba ka naka shagon. Na riga na faɗa wa 'yan ajinmu biyu, kuma ni ma ina nan tafe ranar Asabar in sha Allah in ɗauki allon lamba da makunnan da muka yi magana.

Wani ɗalibi daga Kabuga, Kano