Wasiƙa daga Agege kan garin ruwan jini da gigin tsufa

Aminina,

Assalamu alaikum. Yaya iyali, yaya kuma jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na ga hoton gwangwanin garin ruwan jinin da ka turo, wanda ka ce in nemo maka a nan Legas saboda an ce yana maganin mantuwa. Ban saya ba, kuma don Allah kada ka aiki wani ya sayo.

Garin nan ba sabon abu ba ne. Idan an yanka dabba an tari jinin, sai a ware jajayen ƙwayoyinsa, ruwan da ya rage a busar da shi ya zama gari. Masu kiwo a Amurka da Turai sun daɗe suna zuba shi a abincin 'yan aladen da aka yaye, don yana gyara musu hanji. Ko a nan mayankar Oko-Oba, in ka bi da safe za ka ga ana tarar jini a bokitai, a dafa, a shanya, a yi abincin kaji.

Yadda maganar tsufa ta shigo kuwa, masu bincike ne a Jami'ar Basalona ta ƙasar Sifen suka ciyar da wasu ɓeraye masu saurin tsufa da garin. A sakamakon da suka fitar a 2020, kumburin ƙwaƙwalwa ya ragu, ɓerayen kuma sun fi riƙe abu a ka. Ina ganin darajar aikin ƙwarai, ina kuma fatan ya kai ga wani abu. Amma fa a kan ɓeraye aka yi shi, kuma da ruwan jinin alade. Ka san hukuncin wannan a wurinmu. Ko na saniya ne ma, maganar jinin da ya kwarara sai an tambayi malamai.

An taɓa yin irin haka. A 2014 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka yi wa tsofaffin ɓeraye allurar ruwan jinin ƙananan ɓeraye, ƙwaƙwalwarsu ta farfaɗo. Nan da nan 'yan kasuwa suka fara sayar wa mutane ƙarin ruwan jinin matasa da tsada, har sai da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2019 cewa babu hujjar yana amfani.

Kuɗin nan, ka kai Hajiya asibiti da su. A auna mata hawan jini da suga, a duba kunnenta da idonta, domin rashin ji da kyau kansa yana ƙara rikita tsoho. Kuma abin da ka faɗa, cewa da magariba tana tambaya ko marigayi Alhaji ya dawo daga kasuwa, ya tsaya min a rai. Ku daina yi mata musu, kada kullum a riƙa sabunta mata mutuwarsa. A zauna kusa da ita, a ja ta da hirar da.

Ka gaishe min da ita sosai, ko da ba ta gane ni ba. In an ga likita, ka kira ni in ji abin da ya ce.

Naka,
amininka na Agege