Barka da Sallah daga Key West

Yaya,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi, kuɗin rago kuma sun iso kafin 'yan kara su tsawwala.

Ni dai ana sallame Idi na wuce bakin aiki. Tsibirin nan na Key West yana can ƙurewar jihar Fulorida ta Amurka, inda kwalta ta ƙare, tsakaninmu da Kyuba mil 90 kacal. Kaji na yawo a titi ba mai su, doka kuma ta hana a taɓa su. Ki duba fa, ranar layya zakara ya yi ta kai-komo a gabana, ni kuwa sai haɗiyar yawu.

Abin da ke biye kada ki karanta wa Inna. Tsohon da nake jinya, mai shekara 81, yana cikin mazan da ke zama da maza 'yan'uwansu. Ranar da na gane haka ban runtsa ba, har na yi niyyar ajiye aikin. Irinsu sun kwararo nan ne a shekarun 1970, bayan sojan ruwa sun rage sansaninsu, tsofaffin gidajen katako suka yi arha. Masu zane, marubuta, da waɗanda gida ya kora, duk suka tare. A 1983 ma ɗaya daga cikinsu, Richard Heyman, ya ci magajin gari, ƙanjamau ta yi ajalinsa a 1994.

Yau da Baba, haka nake kiransa, ya gan ni da shadda da hula, ya tambayi dalili. Na ce ranar ziyarar dangi ce a wurinmu. Ya yi shiru, can ya ce to in kai shi wurin nasa. Na tura kekensa har bakin teku, ƙarshen titin White, inda aka shimfiɗa baƙin dutse a 1997, an sassaƙa sunayen mutum sama da 1,000 da cutar ta kwashe. Ya riƙa nuni da sanda: wannan gwanin girki ne, wancan ya tafi da bashinsa, ya yi dariya har da tari. Da muka iso kan wani suna sai sandar ta tsaya. Shekara 19 suna tare. Shi ya yi jinyarsa, shi ya rufe masa ido, watanni kaɗan kafin maganin da ke riƙe rai ya fito a 1996. Dangin mamacin ko waya ba su ɗauka ba.

Taku kaɗan daga nan akwai makwancin 'yan Afirka kusan 300, waɗanda aka ƙwato daga jiragen bayi a 1860 suka mutu a nan. Na tsaya na yi musu addu'a, Baba ya cire hularsa yana jirana.

Addinina yana nan inda kika san shi, Yaya. Hisabi dai ba a hannuna yake ba. Nawa shi ne in juya shi kada gado ya ci masa baya, in ba shi magani kan lokaci. Ba ɗa, ba jika. Abokansa uku suka rage, su ma da sanduna, sauran ko ƙasa ta rufe su ko tsadar haya ta kore su. Sun raba kwanaki tsakaninsu, mai Talata ya zo da miya, mai Juma'a ya karanta masa jarida. Ya riga ya biya kuɗin ƙona gawarsa, a watsa tokar a teku, kuma ya faɗa mini haka kamar mai zancen cefane. Tun daga ranar nake tunanin wa zai yi mini wanka da sutura in tawa ta riske ni a nan. Ki tuna wa Kawu maganar filin nan, ban fasa dawowa ba.

Da yamma na dafa shinkafa da miyar naman rago, na zuba masa kaɗan. Ya ce barkonon ya kusa riga likita yanke hukunci, amma sai da ya nemi ƙari.

Ki gaida Inna da yara, a ba su barka da Sallah a madadina. In an samu mai zuwa, yajin nan ya kusa ƙarewa.

Ƙaninki