A riƙa tunawa da Shagari na ma'aikatar kuɗi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana a kan marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, Allah Ya jiƙansa. Duk sanda aka ambace shi sai a ce shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, shi ke nan. Yaranmu da yawa ba su san shi ne ya gaji Cif Obafemi Awolowo a kujerar Kwamishinan Kuɗi na Tarayya a 1971 ba, ya riƙe ta har 1975, zamanin Janar Gowon.

A hannunsa aka yi canjin kuɗi. Ranar 1 ga Janairu 1973 fam ta kau, naira ta shigo, fam ɗaya naira biyu, sule goma naira ɗaya. Mu da muka ga lokacin mun san ba ƙaramin aiki ba ne. Sule da ya saba zama kwabo goma sha biyu ya koma kwabo goma, sisi ya koma kwabo biyar. Na ga tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwa ta ƙi karɓar sabon kuɗi, ta ce an ci mata kwabo biyu a kowane sule. Sai da muka jera mata tsofaffin da sababbin a kan faifai muka ƙirga tare, sannan ta saki fuska. Haka aka yi ta fama ƙauye-ƙauye, kuma aka wuce lafiya.

Wannan mutum fa malamin makaranta ne tun asali, da alli ya fara. Ya karɓi baitulmalin ƙasar da ta fito daga yaƙi, sai ga kuɗin man fetur sun kwararo bayan 1973. A ganina riƙon amana lokacin yalwa ya fi na lokacin babu wuya, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa a 2018 ba a shaide shi da tara abin duniya ba.

Roƙona ga gwamnatin jiharmu shi ne a tattara jawabansa na kasafin kuɗin waɗannan shekarun a ajiye su a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ɗalibanmu masu karatun tattalin arziki su riƙa zuwa suna dubawa. Ku ma 'yan jarida ku nemi dattawan da suka yi aiki da shi ku ji daga bakinsu tun suna da rai.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
Sakkwato.