Masana'antar Magunguna Ba Ta Tsayuwa Sai da Ƙwararrun Ma'aikata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan yadda jami'o'i ke shirya ɗalibai domin aiki a kamfanonin harhaɗa magunguna, ganin cewa ana yawan maganar gina masana'antu, amma ba kasafai ake tambayar su wa za su yi aiki a cikinsu ba.

Ɗalibin da ya kammala digiri a fannin magunguna ko kimiyyar sinadarai ya san karatunsa, sai dai ranar da ya shiga ɗakin da ake sarrafa allurai zai tarar cewa sanya rigar aiki ma darasi ne mai zaman kansa, domin akwai tsarin da ake bi daki-daki, kuma idan rigar ta taɓa ƙasa dole a sauya wata. Haka nan takardar da ake rubuta kowane mataki na haɗa magani: wanda ya yi kuskure ba ya gogewa, sai ya ja layi ɗaya a kai, ya rubuta dalili, ya sa hannu da kwanan wata. Sakaci a nan kan sa a yi asarar rukunin magani baki ɗaya, kuma ba a koyon wannan ladabi a kan allo.

Wasu ƙasashe sun gane haka tun da wuri. A Amurka, Jami'ar Jihar Arewacin Karolina ta buɗe cibiyar horo ta BTEC a 2007, sannan a birnin Dublin na ƙasar Ailan aka buɗe ginin cibiyar NIBRT a 2011, da hannun gwamnati da manyan makarantu, inda ɗalibai da ma'aikatan kamfanoni ke koyon aiki a kan irin injinan da masana'antu ke amfani da su. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓi Koriya ta Kudu ta zama cibiyar horar da ma'aikatan ƙasashe masu tasowa kan sarrafa alluran rigakafi da magunguna. Ita kuwa Tarayyar Afirka, da ke fatan nahiyar ta riƙa samar da kashi 60 cikin ɗari na alluran rigakafinta nan da 2040, ba za ta kai ga wannan buri da gine-gine kaɗai ba.

Duk da haka ina da jan hankali. Kamfani yana son wanda zai iya sarrafa injinsa a yau, alhali jami'a tana renon wanda zai yi aiki har ya tsufa, bayan an daɗe da jingine wannan injin. Saboda haka kamfanoni su ba da kayan aiki, su karɓi ɗalibai horo na watanni tare da biyan su alawus, ƙwararrunsu kuma su shiga aji su koyar, amma hukuncin ƙarshe kan manhaja da jarrabawa, da 'yancin wallafa sakamakon bincike ko da bai yi wa kamfanin daɗi ba, ya kasance a hannun jami'a, kuma a rubuta hakan ƙarara cikin yarjejeniya kafin kowa ya sa hannu.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku