Wasiƙa: Fatsa da ƙugiya mai gashi, daga kogin Susquehanna zuwa Faro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata irin fatsa da ba kasafai jaridun Hausa ke taɓo ta ba. Mu a nan, in an ce kamun kifi sai Argungu ta faɗo a rai: homa, gora, da giwan ruwa a kafaɗar ƙato. In an ce fatsa kuwa, sai yaro da gwangwanin tana. To akwai masu fatsar da ba ruwansu da tana ko hanjin kaza. Gashin dabba da na tsuntsu suke ɗaurewa a jikin ƙugiya da zare har ta ɗauki kamannin ɗan kifi ko fara, shi ke nan koton nasu. Waɗanda suka ga abin a bidiyo sukan ɗauka kyan gashin ne ke kama kifi. Kifi bai san ado ba. Nauyin da aka sa wa ƙugiyar da inda aka ɗora shi su ne kan gaba, kuma nan ne mai koyo ya fi tafka kuskure.

Zan kafa misali da kifin bas mai ƙaramin baki na kogunan gabashin Amurka, irin su Susquehanna da Potomac da Shenandoah, domin dominsa aka ƙirƙiro koton da zan bayyana. Kifi ne mai launin ƙasa-ƙasa da jan ido. Na kogi bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, mafi girma da aka taɓa aunawa kuwa, wanda aka kama a tafkin Dale Hollow a 1955, kilo 5.4 ne. Kusa da giwan ruwa jariri ne, sai dai faɗansa ya fi jikinsa. Ruwa garau mai gudu a kan duwatsu yake so, amma ba ya tsayawa cikin ƙarfin ruwan. Yakan laɓe bayan dutse ko gungumen da ya faɗa kogi, daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, yana jiran abin da za a koro masa: ƙananan kifaye, tsutsar ƙwari, da wani ɗan'uwan jatan lande mai hannu irin na ƙaguwa. In ɗumin ruwa ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas sai ya lafe a ƙasan gurbi. Tsakanin digiri 18 da 25 ne yake farauta haiƙan.

A fatsar da muka saba, dalma ce ke jan zare idan an wurga. A wannan kuwa igiyar ce mai nauyi, ita ke ɗaukar koto ta kai shi. Igiya ce mai kauri da aka lulluɓe da roba, tsawonta wajen mita 27, ana ba ta lamba bisa nauyin mita 9 na farkonta: lamba 6 giram 10 da 'yan kai, lamba 7 giram 12, lamba 8 kusan giram 14. Sanda ta zama mai tsawon mita 2.7, lambarta daidai da ta igiya. In igiya ta yi wa sanda sauƙi, sandar ba za ta tanƙwara ba, jifan kuma ba zai je ko'ina ba. A bakin igiyar ana ƙulla tsirkiyar nailan mai mita 2 zuwa 2.7, mai kauri daga gindi tana sirancewa, ƙarshenta ya iya ɗaukar kilo 4 ko 5. Wanda ya sa siririn nailan tun daga farko har ƙarshe zai ga koto ya zube a dunƙule gab da bakin igiya, don babu kaurin da zai miƙar da shi.

A 1987 ne Bob Clouser, mai shagon kayan fatsa a garin Middletown na jihar Pennsylvania, a gaɓar Susquehanna, ya fito da koton da har yau ake kira da sunansa. Matsalar da ta dami masu fatsa a can ita ce kifin na ƙasa tsakanin duwatsu, ƙugiya kuwa in bakinta na kallon ƙasa sai ta maƙale. Sai ya ɗaura 'yar dalma mai kai biyu, kamar ƙaramar taɓarya, a gicciye a kan bayan ƙugiya. Da ta shiga ruwa nauyin ya kife ta, bakinta ya koma kallon sama, kawunan dalmar biyu kuma suka zama idanun ɗan kifi.

Ga yadda ake ɗaura shi. A samu ƙugiya mai miƙaƙƙen jiki, lamba 2 ko 4 a ma'aunin girman ƙugiya, a matse ta a abin riƙo, ko filaya mai kulle ma ta isa. A naɗe kashi ɗaya cikin uku na jikinta da zare tun daga hancin da ake zura tsirkiya, a yi ɗan tudun zare a wurin. Bayan tudun ake ɗora idanun, masu nauyin rabin giram zuwa giram ɗaya. A yi naɗi shida a karkace ta wannan ɓangare, shida ta wancan, sannan a zagaya zaren sau huɗu ko biyar ta ƙarƙashin idanun amma ta saman ƙugiya, a ja da ƙarfi. Wannan zagayen na ƙarshe shi ke tsuke sauran. A ɗiga sufa gulu ɗigo ɗaya. Wanda ya tsallake zagayen nan da ɗigon gulun zai ga idanun sun juya bayan kifi biyu, koto ya koma iyo a gefe.

Sai gashi. Na wutsiyar barewar Amurka ake amfani da shi, fari da kuma kore mai ruwan ɗorawa. A yanko fari, kaurinsa kada ya wuce na tsinken ashana biyu, tsawonsa ninki biyu zuwa biyu da rabi na ƙugiya. A riƙe shi ta tsini a fizge gajerun da ke gindi. A ɗaure gindin a gaban idanu, a kwantar da shi tsakaninsu, a sake ɗaurewa a baya tare da jikin ƙugiya. Wannan shi zai zama cikin kifin. A kife ƙugiya, a ɗaura siraran zare masu ƙyalli guda shida zuwa takwas a gaban idanu, sannan koren gashi a kansu, shi ma a gaban idanu kaɗai, kada a ɗaure shi a baya. A naɗa kai ya yi tsini, a ƙulle, a shafa man farce marar launi. Duka tsawonsa santimita 7 zuwa 10.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika gashi. Mai koyo yakan ga kamar ɗan tsurut ɗin bai isa ba, sai ya ƙara, to gashin barewa yana riƙe iska, sai ya rinjayi dalmar: koto ya ƙi nutsewa, ko ya ƙi kifewa. In an ɗaga shi a rana ya kamata a hango haske ta cikinsa, kamar yadda ake hango shi ta jikin ɗan kifi. Gashin gindin wutsiya ma a bar shi, cikinsa rami ne, da an ja zare sai ya baje kamar tsintsiya. Daga tsakiya zuwa sama ake ɗiba. Kada kuma a datse tsinin gashi da almakashi don a daidaita shi, tsinin ne ke rawa a ruwa. Sai wurin idanu. In aka matso da su dab da hanci, koto zai riƙa faɗawa da ka kamar dutse, kuma ba a bar wurin naɗa kai ba. A kashi ɗaya cikin uku kuwa, yakan sulala ƙasa a hankali duk lokacin da aka daina ja, irin na ɗan kifin da ya jigata.

A wannan sulalawar ce bas ya fi kai cafka. Saboda haka a jefa ƙetaren ruwa, ɗan sama da inda ake zaton yana laɓe, a ƙirga uku ko biyar koto ya nutse, a sunkuyar da bakin sanda dab da ruwa, a riƙa jan igiya da hannu kamu ɗaya ɗaya ana tsayawa. In an ji nauyi, a fizgi igiyar da hannu, kada a ɗaga sanda tukuna. Bakin sanda taushi gare shi, ba zai kafa ƙugiya ba. Wajen jifa kuma a buɗe hannu koto ya yi kewayo mai faɗi, domin dalma in ta daki sanda tana tsaga ta, in ta daki ƙeya kuwa mai ita zai ba da labari. Tabarau da hula dole ne. A kuma matse ƙayar ƙugiya da filaya, cire ta daga bakin kifi ko daga kunnen mutum ya zo da sauƙi.

Da asuba ko gab da magariba, idan ruwa ya yi ɗumi, akan koma koton da ke yawo a sama. Guntun toto ne ko sosan silifas mai faffaɗar fuska, a tsaga ƙasansa a manne ƙugiya, a sa masa jela da gashin wuyan zakara huɗu. Sharaɗinsa ɗaya: bakin ƙugiya ya fito sarai a bayan jikin, in ba haka ba kifi zai yi ta kai sara ba ya kamuwa. In ya faɗa ruwa a bar shi sai da'irar da ya tayar ta kwanta, sannan a ɗan motsa shi.

Malam Edita, abin da ya sa na ga ya dace masu karatunka su ji wannan shi ne dabarar ta riga ta iso maƙwabtanmu. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, baƙi kan zo da rani su yi irin wannan fatsa. Giwan ruwa da almuru zuwa dare suke nemanta, da sanda lamba 12 da baƙin koto mai tsawon tafin hannu ko fiye. Kifin tsage kuwa da rana, kuma koton Clouser na cikin waɗanda ya fi ci. Sai dai haƙoransa na datse nailan, dole a sa guntuwar waya mai santimita 10 zuwa 15 tsakanin koto da tsirkiya, a kuma fizga da ƙarfi don bakinsa ƙashi ne.

Kayan ɗaurin ba sai an yi odarsu duka ba. Dogon gashin bunsuru da gashin roba na kitso suna maye gurbin na barewa, da yake kuma ba sa riƙe iska sun fi saurin nutsewa, sai a rage nauyin idanu. Ƙwallaye biyu daga 'yar sarƙar nan ta maƙallin mabuɗi sun isa idanu a ruwa marar zurfi. Zaren ɗinki ya zama na roba, na auduga ruɓewa yake. Igiya da sanda ne kawai ba su da madadi.

Kada dai wani ya yi zaton wannan za ta ci da gida kamar taru ko birgi. Kifi ɗaya ɗaya ake kamawa, kuma sai ruwa ya washe, da damina ɓata lokaci ne. Baturen Susquehanna yana shiga ruwa har ƙugu ba fargaba, mu kuwa akwai kada da dorina, ga tsargiya a ruwan da ke kwance, don haka daga kan dutse ko cikin kwalekwale ya fi, tare da masuncin da ya san gurbin. Kuma don Allah kada sha'awa ta sa wani ya nemi kawo bas ɗin kansa kogunanmu. An kai shi Afirka ta Kudu a 1937, ya bi ƙananan kifayen asali na kogunan yankin Cape ya cinye, har ta kai hukumomi na kashe kuɗi don kawar da shi daga wasu rafuka.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatu, daga Yola